Kunnen da Aka Zana a Ƙofar Gareji

A layin masu gyaran mota akwai wata ƙofar ƙarfe mai tsatsa da aka zana wa kunne. Kunne ɗaya tal, ƙato, da farin fenti, ba kai ba fuska. Mai garejin ne ya zana shi da hannunsa shekara talatin da suka wuce, kuma duk wanda ya gani ya san Allah bai ba bawan nan baiwar zane ba. Baƙi da yawa ƙoda suke ɗaukarsa, har wata mata ta taɓa leƙowa tana tambaya ko nan ake sayar da kayan ciki. Mutanen layin dai sun san abin da ake nufi, don shi kansa mai garejin ba wanda ke kiransa da wani suna sai Kunne.

Gajere ne, mai tumbi, mai faɗin rai kamar shi ya ƙera motar farko a duniya. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya, fenti kuwa a wurinsa aikin 'yan kwalliya ne. Abu ɗaya ya sani, ya kuma san shi har ɓargo: difarensha, wannan dunƙulen ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya yana raba musu ƙarfin inji. Shi tukunya yake ce mata. In aka kawo mota tana kuka a baya, ba ya ko sunkuyawa ya duba. Kujerar baya yake shiga, ya lumshe ido, ya ɗora hannu kan tumbi, ya ce wa mai motar ya ja. Kafin a kai ƙarshen layi ya riga ya yanke hukunci: boris ɗin hagu ne, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya da sandar taya ke juyawa a cikinsa, ko haƙori ne ya ci, ko kuma wani jahili ya zuba mata man da ba nata ba. A kwance a duba, a tarar haka ne. Sai ya juya ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya, yana jira a yaba.

A gida ma ba a tsira ba. Da an ajiye abinci sai ya fara maimaita kukan motocin da ya ji ranar, da baki da hanci. Wannan ta yi "wuuu" da aka saki totur, waccan ta yi "gurr-gurr" a kwana, kuma kowane kuka sai ya bi shi da tafsiri. 'Ya'yansa huɗu sun girma sun watse, wasu na cewa kukan nan na cikin abin da ya sa suka yi nisa. Matarsa ce ba ta da wurin gudu. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa har yau, da jikokinta da furfurarta, Auta ake ce mata. Shekara talatin da biyar tana zaune gabansa tana tauna, yana yi mata kukan boris.

Babban ɗansa ya taɓa aiko masa da wata sifana ta zamani mai agogo, wadda ke nuna iya ƙarfin da aka ɗaure noti da shi. Kunne ya juya ta, ya jinjina, ya ce an gode. Akwatinta ya zama wurin ajiye sukarin shayi, ita kuma ya tokare taga da ita, aka bar taga ta yi ta kaɗawa ranar wani hadari, sifanar ta faɗa rami agogon ya tarwatse. Ko a jikinsa.

Sirrinsa ɗaya ne, kuma sirrin sata ne. In an haɗa tukunya, dole a san ko haƙoran babban faifai da na ƙaramin ƙarfen da ke juya shi suna cizon juna daidai. Ana shafa wa haƙoran wani abu mai kala, a juya, a ga inda ya goge. Akwai man da ake sayarwa don haka, amma Kunne tun yana sabon aure ya gano ba abin da ya kai jan baki. Don haka duk bayan 'yan watanni jan bakin Auta sai ya yi ɓatan dabo daga gaban madubi. In ta yi cigiya, ya ɗora wa yara. Da yara suka tafi, ya koma ɗora wa ɓera.

To, shekara biyu da suka wuce duniya ta fara yi masa nisa. Tsuntsayen bishiyar bayan gida suka fara yin shiru, sannan ƙarar cokali a kofi, sannan muryoyin mata gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Mutumin da ya zana kunne a ƙofarsa ba ya fita ya ce ba ya ji. Sai ya koyi dabaru. Ya riƙa kallon leɓen mutane, ya ƙara ƙarfin murya, kuma duk maganar da ta wuce shi sai ya ce "Madalla." Motar da aka kawo don kuka kuwa sai ya ce aiki ya yi masa yawa, a kai wa wani. Ya koma karɓar wanda hannu da ido za su iya. Tsoro ne ke cinsa, irin tsoron da bai taɓa sani ba ko lokacin da jak ya zame mota ta kusa danne shi.

Ana cikin haka Likita ya zo.

Likita yayan Auta ne, likitan dabbobi, dogo, mai tabarau, wanda bai taɓa yafe wa ƙanwarsa auren mutum mai baƙin farce ba. Shekara talatin da biyar bai taɓa kawo motarsa garejin Kunne ba, bai kuma taɓa kiransa da komai ba sai Bakanike. Ranar sai ga shi ya faka doguwar tsohuwar motarsa a gaban zanen kunnen, taɓo har rufi. Kafin ya kashe inji mai walda na ƙofa ta gaba ya ajiye aikinsa ya matso, masu faci da masu fenti suka biyo baya.

"Bakanike," in ji Likita, yana magana da ƙarfi kamar kullum, abin da Kunne ya gode wa Allah a kai, "motar nan ta wulaƙanta ni. Da can duk gonar da na shiga sai ta fita. Yanzu da ta taka taɓo sai taya ɗaya ta yi ta juyi tana watsa wa mutane, ɗayar tana tsaye tana kallo. Shekaranjiya sai da aka ɗaura wa bijimin da na je yi wa dandaƙa igiya ya jawo ni."

"Kafin aikin ko bayan aikin?" in ji mai walda.

"Kafin."

"Ai kuwa ya yi maka halacci."

Kunne ya sa jak ya ɗaga bayan motar, ya juya tayar dama da hannu. Ta hagu ta juya baya. "Ka gani, Yaya? Sun ɓata. Tukunyarka ba irin ta kowa ba ce. A cikinta akwai farantai da ke kama juna, in taya ɗaya ta zame su riƙe, su tura wa ɗayar ƙarfi. Da lafiyayya ce, da tare za su juya. Farantanka sun cinye."

"A ba ni ita minti ashirin," in ji mai walda, "in narke cikin gaba ɗaya, tayoyin su zama abu guda. Ba zamewa har abada."

"Ba kwana kuma har abada," in ji Kunne. "Kai komai ka gani walda. Ranar da haƙorinka ya yi ciwo kar ka je asibiti, ka zo in riƙe maka madubi."

Jama'a suka kwashe da dariya, Likita ko murmushi bai yi ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Wurare uku na kai ta. Kowa ya taɓa ya bar mini kuka a baya kamar ina ɗauke da kyanwa. An ce kai ne mai kunne. Ina so ta kama taɓo, kuma ina so ta yi shiru. Za ka iya, ko zanen ƙofa ne kawai?"

Mai hankali da ya ce aiki ya yi masa yawa. Amma shekara talatin da biyar Kunne yana jiran wannan tambayar daga wannan bakin, kuma layin gaba ɗaya na tsaye. Ya ce a dawo nan da kwana biyar.

Aikin kansa daɗi ya yi masa, don hannunsa bai tsufa ba. Ya sauke tukunyar, ya zubar da man da ya koma baƙi kirin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ya baje kayan cikinta a kan kwali a jere yadda suka fito. Farantan sun sulɓe kamar gindin tsohon cokali. Huɗu ne kacal, sauran gurbin an cike shi da wasu zobba masu kauri da ba sa tsinana komai. Ya yi tsaki, ya jefa zobban a kwandon shara, ya nemo farantai takwas sababbi, tunda akwai wurinsu in mutum ya san abin da yake yi. Ya jiƙa su a man giyar mota cikin tsohon kwano suka kwana, don busasshen faranti in aka haɗa shi ƙonewa yake yi tun ranar farko. Ya jera su ɗaya mai haƙori a ciki, ɗaya mai haƙori a waje. Ya sauya boris duka. Rana ta uku ya zaro jan bakin da ya ɗauke da safe, mai ruwan lemo, ya shafa wa haƙoran babban faifai, ya juya. Tabon ya fito can kusa da baki. Ya kwance, ya rage ɗaya daga siraran zobban da ake saita cizon haƙoran da su, ya sake shafawa. A karo na huɗu tabon ya zauna a tsakiyar haƙori ɗas, ya tsaya yana kallonsa har shayinsa ya huce.

Saura babban notin gaba, kuma nan ne matsalar take. A bayan notin akwai wani ɗan bututun ƙarfe da ke lotsewa kaɗan-kaɗan in ana ɗaurewa. In ɗaurin bai kai ba, tukunya ta yi kuka. In ya wuce, boris ya ƙone, kuma ba a warwarewa a koma baya, don abin da ya lotse ya lotse. Sauran bakanikai agogon sifana suke bi. Kunne tun farkonsa ba haka yake yi ba: yakan ɗaure da ɗan sassauci, ya fita da mota ya saurara, ya ƙara kaɗan, ya sake saurarawa, har kukan ya ɗauke. A daidai inda ya ɗauke, nan yake tsayawa.

Rana ta huɗu da hantsi ya ja motar shi kaɗai zuwa wani fili a bayan rumbunan ajiye kaya. Ya yi ta zana lamba takwas da ita a hankali, hagu, dama, don sababbin farantai su saba da juna. Sannan ya hau miƙaƙƙiyar hanyar da ke gefen filin, ya taka totur, ya saki.

Shiru.

Ya sake takawa, ya saki. Shiru. Ya rufe tagogi, ya karkata kai, ya riƙe numfashi. Duk rayuwarsa wannan shirun yake nema, shi ne ladan aikinsa. Amma da ya duba gefe sai ya ga wata babbar mota ta wuce shi tana tuƙa hayaƙi, direban na danna hon da dukan tafin hannunsa, ita ma shiru. Ya gangara gefen hanya ya kashe motar.

Da rana ya koma gida, abin da ba ya yi. Auta ta ajiye masa abinci, ya yi ta juya cokali. Ba kukan boris, ba tafsiri. Ta zagaya bayansa kamar za ta ɗauki wani abu, ta ce, "Maigida, na sayar da gidan nan jiya."

"Madalla," in ji Kunne.

Ta dawo gabansa ta zauna, ta kama haɓarsa ta juyo fuskarsa, ta yi magana a hankali yadda zai ga leɓenta. "Wata shida ke nan kullum sai na sayar da gidan nan a bayanka. Na sayar da garejin. Sau biyu na auri mai walda. Duk ka ce madalla."

Idonsa ya kawo ruwa, ya ji haushin kansa, ya ce hayaƙin kicin ne.

"Tashi mu je ka sa ni a motar Yaya," in ji Auta.

"Ke? Me kika sani a tukunya?"

"Me na sani? Shekara talatin da biyar kana yi mini kukanta a kan abinci. Ko tukunyar kanta ba ta kai ni sani ba." Ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Kuma ka dawo mini da murfin jan bakin. Ka taɓa ganina da mai ruwan lemo a bakina? Tun ranar da na ji kana mita wai mai duhun ba ya fitowa a jikin ƙarfe nake sayen wannan. Ɓera! Wane ɓera ne ke mayar da kujerar madubi wurinta?"

Haka aka yi matar da ba ta taɓa shiga motar mai kawo gyara ba ta kwanta a kujerar bayan motar yayanta, wadda ke warin maganin shanu, ta ture ɗankwali daga kunne ɗaya, ta saukar da kai kusa da ƙasa. Kunne ya fara zana takwas a filin. Ta ɗago, ta matso bakinta dab da kunnensa na hagu, wanda ya ɗan fi dama-dama.

"Tana yin ƙas-ƙas-ƙas a kwana!"

Kafin ya yi magana ta ɗora, "Amma wannan ba komai ba ne, sababbin farantai ne, zai bari. Kai ka faɗa, shekarar da aka haifi 'yarmu ta biyu. Hau hanya."

Ya hau hanya, ya taka, ya saki. Ta dafa kafaɗarsa, ya waiwaya, ya ga ta tsuke baki tana "wuuu", kanta na karkacewa daidai yadda nasa ke yi, har da ɗage gira. Bai taɓa sanin haka yake muni in yana yi ba.

"Da na taka ko da na saki?"

"Da ka saki."

"Noti ne," suka faɗa tare.

Ya tsaya, ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashi ya ƙara ɗauri kamar faɗin farce. Suka sake fita. Ta ce kukan ya sirance amma yana nan. Ya ƙara. A fita ta uku ya taka ya saki, ya taka ya saki, ba a dafa kafaɗarsa ba. Ya duba madubi ya ga ta tashi zaune, ta lumshe ido, ta ɗora hannu kan ciki.

"Kar ka sake taɓa shi," in ji Auta.

A hanyar dawowa ta ce masa ba wanda zai ji daga bakinta. Gobe ya shiga baya kamar yadda ya saba, ya lumshe ido, ya ce shiru, magana ta ƙare. Bai amsa ba. Ta ɗauka bai ji ba ne.

Washegari Likita ya zo, layin ya taru, don kowa ya san al'adar Kunne: ba ya sallamar mota sai ya shiga baya ya yanke hukunci gaban jama'a. Auta na tsaye a gefe da kwanon abincin da ta kawo masa. Kunne ya goge hannu, ya buɗe ƙofar baya. Ya tsaya yana kallon kujerar. Sai ya ja da baya ya riƙe ƙofar.

"Ranki ya daɗe, bismillah."

"Auta kuma?" in ji Likita. "Me za ta yi a ciki?"

"Yaya," in ji Kunne, da muryar nan tasa da ta fi ƙarfin wurin, "kunnena ya mutu. Shekara biyu ke nan. Farantai nawa ne, haƙora nawa ne, amma shirun da za ka ji nata ne. Kunnen da ya rage mini ke nan, kuma daga gidanku na ɗauko shi."

Ba wanda ya yi dariya. Mai walda ya sunkuyar da kai ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa. Kunne ya ga leɓensa na motsi, ya juya wurin matarsa.

"Ya ce duk layin nan an sani!" ta faɗa masa a kunne. "Tun ranar da taya ta fashe a bayanka, kowa ya kwanta a ƙasa, kai kana kurɓar shayi!"

Kunne ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, mai faci, mai fenti, mai walda. Shekara biyu 'yan banzan nan suna zagayowa gabansa kafin su yi magana, yana ɗauka girmamawa ce.

Likita ya ja motar da ƙanwarsa a baya. Bai tsaya a ƙarshen layi ba, sai da ya kai ta wani kwari mai taɓo a bayan gari ya tsunduma ta da gangan. Suka dawo bayan awa guda, motar ta yi kaca-kaca, tayoyin baya biyu sun ci taɓo daidai wa daida. Ya fito, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ta fita," ya ce. "Kuma shiru. Ashe duk shekarun nan gidanmu ne ke riƙe da garejin." Ya miƙa hannu, ya ɗan yi jim kamar mai haɗiye magani. "Sannu da aiki, Kunne."

Wannan kam Kunne ya gan ta a leɓe sarai, amma ya sa hannu a bayan kunne ya ce bai ji ba, a maimaita. Sai da Likita ya faɗa sau uku.

Da safe ya zo buɗe gareji ya tarar an taɓa masa zane. A ƙasan farin kunnen wani ya yi masa ɗan kunne, zagayayye, da jan baki mai ruwan lemo. Mai walda na leƙe daga ƙofarsa yana jiran tashin hankali. Kunne ya tsaya ya kalli abin, ya ɗaga kai ya kalli hadarin da ke haɗuwa. Sai ya wuce wurin mai fenti ya aro gwangwani da buroshi, ya dawo ya bi kan jan bakin a hankali, don kada ruwa ya wanke shi.